Sermorelin da 'Yan'uwansa: Karanta Sunayen Allurar Mayar da Tsoho Yaro

A Amurka, musamman a jihohi irin su Filorida da Kalifoniya, akwai asibitocin kuɗi waɗanda ba majinyata suke jira ba. Masu zuwa wurinsu da ƙafarsu suke shiga, lafiya lau: magidanci ɗan shekara hamsin da tumbi ya fara rinjaya, mace da barci ya daina yi mata daɗi, matashi mai ɗaga ƙarfe da ke son ƙwanji ya fito. Abin da ake sallamar su da shi 'yar kwalba ce mai farin gari, a zuba mata ruwan allura ya narke, mutum ya riƙa tsira wa kansa a fatar ciki kafin ya kwanta. A jikin kwalbar za ka ga sermorelin, ko ipamorelin, ko tesamorelin, ko CJC-1295, ko GHRP-6. Akwai kuma MK-677, wanda shi haɗiya ake yi. Sana'ar gaba ɗaya ana ce mata jinyar feftayid, alkawarinta kuma shi ne za ta sa jikin babban mutum ya koma fitar da homon ɗin girma da kansa, kamar yadda yake yi a ƙuruciya.

Sai ka ce kara-zube aka zubo sunayen nan, amma kowanne da asalinsa. Wanda ya iya karanta su zai san abin da mai talla ba zai gaya masa ba: wa ya ƙirƙiro maganin, don wace cuta, ya kai gaci ko a hanya aka yar da shi. A ganina sunayen da masana suka raɗa sun fi tallan gaskiya nesa ba kusa ba, domin alkawarinsu kaɗan ne kuma sun cika shi. Kalmomin da kasuwa ta yafa musu daga baya su ne ke ɗauke da kayan da ba a auna ba.

Maganin da ya yi nasara sunaye uku yake samu. Na farko lambar ɗakin bincike ce, haruffan kamfani da 'yan alƙaluma, da ita ake kiransa tun ba a san ko zai rayu ba. Na biyu shi ne sunan yanka, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke raɗawa don likitan Kano da na Tokyo su fahimci juna. Tun 1953 take fitar da jerin irin waɗannan sunaye. Na uku laƙabin kasuwa ne, mallakin kamfani. Paracetamol sunan yanka ne, Panadol laƙabi. Hukumar ba da ka take raɗin suna ba, ƙarshen kowanne yana nuna danginsa. Wanda ya ƙare da "-relin", aikinsa ya sa wata 'yar gaɓa da ke gindin ƙwaƙwalwa ta saki homon, kuma daga kalmar Turanci mai nufin saki aka gutsuro shi. In ya zama "-morelin", to homon ɗin girma ake so a saka. Iyakar abin da sunan ya ɗauka ke nan. Bai ce tsoka za ta yi ƙarfi ba, bai ce furfura za ta dakata ba. Samun sunan yanka ma ba shaidar amincewa ba ce, domin kamfani kan nemi sunan tun ana tsakiyar gwaji, kuma da yawa a nan suke tsayawa.

Ita kalmar feftayid, Emil Fischer, Bajamushe masanin haɗa sinadarai, shi ya ƙirƙiro ta a 1902. Ya gina ta a kan "pepton", sunan abin da furotin ke komawa idan ciki ya fara sarrafa shi, wanda tushensa kalmar Girkanci ce mai nufin dafawa ko narkar da abinci. Feftayid dai gajeriyar sarƙa ce ta amino asid, tubalan da ake gina furotin da su. Tushen sunan ya bayyana dalilin allurar: in aka haɗiye shi, ciki ba ya bambanta shi da tsokar nama, narkar da shi zai yi. Bayan wannan kalmar ba ta faɗi komai game da amfani ko illa. Oxytocin da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da jini feftayid ne mai amino asid 9. Semaglutide, wanda duniya ta sani da laƙabin Ozempic, feftayid ne. Akwai feftayid birjik a dafin kunama. Shahara da nasarar Ozempic, wanda aka gwada a kan dubban mutane, ta sa kalmar ta yi farin jini, sai waɗanda ba su sha irin wannan gwajin ba suka raɓa.

Homon kuwa Ernest Starling ya fara furta shi a wata lacca a Landan a 1905, daga kalmar Girkanci mai nufin tunzurawa ko tayar da abu: sinadarin da wata gaɓa ke zubawa a jini ya je ya motsa wata can nesa. 'Yar gaɓar da ke yin na girma, mai girman ƙwayar wake, ana ce mata fituwitari, kuma sunan nan kuskure ne da ya daskare. "Pituita" a Latinanci majina ce. Likitocin da, tun daga Galen, sun ɗauka nan ne majinar ƙwaƙwalwa ke taruwa ta gangaro hanci. An daɗe da gane ba haka ba ne, sunan bai canza ba.

Shi ma "homon ɗin girma" daga abin da aka fara gani ya samo suna. A 1921 Herbert Evans da Joseph Long a Kalifoniya suka riƙa yi wa ɓeraye allurar ruwan fituwitarin shanu, ɓerayen suka zama ƙatti. Ga yaro sunan ya dace sarai. Lionel Messi yana yaro a Rosario aka gano jikinsa ba ya yin isasshe, aka sa shi a allura, Barcelona ta ci gaba da ɗaukar nauyinta bayan ya koma Sifen yana ɗan shekara 13. Amma da zarar bakin ƙasusuwa ya haɗe bayan balaga, ko tulu guda aka ɗura wa mutum ba zai ƙara ko taƙi ɗaya ba. A jikin babba aikinsa daban ne: yana narkar da kitse, yana riƙe ruwa da gishiri, yana sa hanta ta fitar da wani homon da ake kira IGF-1, yana kuma ja-in-ja da insulin har sukarin jini ya ɗaga. In ya yi yawa, cutar da Bafaranshe Pierre Marie ya raɗa wa suna akromegali a 1886 ce ke biyowa, wato ƙaton gefe: tafin hannu da na ƙafa da muƙamuƙi su yi kauri, zuciya ta buɗe, hawan jini da ciwon sukari su shigo, kwana ya gajarta in ba a yi magani ba. A Hausa ma abin ya fi saurin ruɗa mai saye, domin "girma" ɗaya muke faɗa wa yaron da ke miƙewa da dattijon da girma ya kama. Homon ɗin na farkon ne, kasuwar kuma na biyun take nema.

Fituwitari ba gaban kanta take yi ba. Wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke samanta, haifotalamus, shi ke aiko mata da umarni. Shekaru masana suka kwashe suna farautar umarnin da ke cewa "saki". A ɗakin binciken Roger Guillemin a Cibiyar Salk an niƙa ƙwaƙwalen tumaki dubban ɗaruruwa, sai ga shi a 1973 abin da ya fito akasin abin da ake nema ne: feftayid mai amino asid 14 da ke cewa "dakata". Aka sa masa somatostatin, daga "soma", jiki, da "statin", tsayarwa. Wanda ake nema sai a 1982 ya bayyana, kuma ba a ƙwaƙwalwa ba. Wasu majinyata biyu, ɗaya a Lyon ta Faransa ɗaya a jihar Virginia, sun kamu da akromegali, aka bincika aka tarar ƙari ne a fankiriyas ɗinsu ke zubo umarnin babu ƙaƙƙautawa. Daga waɗannan ƙari biyu ayarin Guillemin da na Wylie Vale da Jean Rivier suka ciro shi. Guillemin ya so a kira shi somatocrinin, amma haruffa huɗu ne suka zauna a baki: GHRH, homon mai sakin homon ɗin girma. Tsawonsa amino asid 44.

Nan da nan aka gano cewa 29 na farko sun wadatar, sauran 15 rakiya ce. Wannan guntu shi ne sermorelin. Kamfanin Serono ya sayar da shi da laƙabin Geref; hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 1990 don gwada ko fituwitari na aiki, sannan a 1997 don yaran da ba sa girma. A 2008 kamfanin ya daina yin sa. Daga baya hukumar ta bayyana cewa ba don wata illa aka janye shi ba, kuma masu talla na yawan maimaita wannan, da gaskiyarsu. Abin da suke tsallakewa shi ne ba a taɓa amincewa da shi don tsufa, ko ƙiba, ko rashin barcin manya ba. Nazarin da aka yi da shi a kan dattawa a shekarun 1990 na mutum goma zuwa ashirin ne, na 'yan makonni ko 'yan watanni. Sun nuna homon ya ɗaga. Sunan ya cika alkawarinsa.

Raunin sermorelin gajeren kwana: cikin minti goma sha wani abu rabinsa ya ɓace daga jini, domin akwai sinadarin da ke datse masa kai da zarar ya shiga. Sunaye biyu da suka biyo baya duk ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka ne, kuma duka daga Montreal ta Kanada. Kamfanin Theratechnologies ya ɗauki GHRH cikakke ya liƙa masa ɗan guntun sinadarin mai a kai don kada a datse. Lambarsa TH9507, sunan yankansa tesamorelin, laƙabinsa Egrifta. Shi ne ya bi matakan har ƙarshe. A gwajin da aka wallafa a 2007 a kan mutum 412 masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau waɗanda kitse ya taru musu a cikin ciki, ya rage kitsen da kusan kashi 15 cikin ɗari a mako 26. FDA ta amince da shi a watan Nuwamban 2010 don waɗannan mutane kaɗai. In aka daina, kitsen dawowa yake.

Ɗayan kuwa har yau da lambarsa yake yawo. CJC haruffan kamfanin ConjuChem ne. Dabararsu ita ce su ɗaura wa guntun nan mai 29 wani maƙali da suka kira DAC, wanda ke kama albumin, furotin da ya fi yawa a ruwan jini, sai maganin ya riƙa zagayawa tare da shi. Maimakon mintuna, sai ya kai kwana shida zuwa takwas kafin rabinsa ya ƙare. Rahoton 2006 ya nuna allura ɗaya na ninka homon ɗin girma sau 2 zuwa 10 na kusan mako guda. A shekarar dai aka dakatar da gwajin mataki na biyu bayan ɗaya daga cikin mahalarta ya rasu. Likitan da ke kula da shi ya danganta mutuwar da ciwon zuciya da ke ɓoye, amma maganin bai ƙara gaba ba. Duk wanda ya ga CJC-1295 a kwalba, sunan da kansa yana gaya masa cewa abin nan bai fita daga ɗakin gwaji ba. Akwai ma wata murɗiya a kai. Yawancin abin da ake sayarwa ana rubuta masa "CJC-1295 mara DAC". To ai DAC ɗin shi ne CJC-1295. In aka cire shi, abin da ya rage sermorelin ne da aka sauya wa amino asid huɗu, mai ƙarewa cikin ɗan lokaci, kuma gwajin 2006 ba a kansa aka yi ba. Ya ari suna, ya ari shaidar da ba tasa ba.

Waɗannan duka dangin GHRH ne. Dangi na biyu tarihinsa ya fi ban mamaki. A ƙarshen shekarun 1970 Cyril Bowers na Jami'ar Tulane a New Orleans yana sarrafa enkephalin, wani feftayid na jiki mai aiki irin na mofin, sai ya lura wasu 'ya'yansa na sa fituwitari ta saki homon ɗin girma. A 1984 ya fito da mai ƙarfi, GHRP-6. Shidan nan yawan amino asid ɗinsa ne. Ba ta hanyar GHRH yake aiki ba, kuma babu wanda ya san ta ina. Sai a 1996 masanan kamfanin Merck suka gano makarɓinsa a jikin ƙwayoyin halitta. Tunda jiki na da makarɓi, dole akwai abin da jiki ke yi don shi. A 1999 Masayasu Kojima da Kenji Kangawa a Osaka ta Japan suka samo shi inda ba a zata ba, a tumbin ɓera. Suka sa masa ghrelin, suka ce "ghre" tsohon tushe ne na kalmar girma a harsunan Indiya da Turai, ga kuma "-relin". Ba a jima ba aka gane babban aikinsa: yana hauhawa kafin cin abinci, ya sauka bayan an ƙoshi. Homon ɗin yunwa ne.

Wannan ya canza yadda ya kamata a karanta rabin sunayen. GHRP-6, GHRP-2, ipamorelin da MK-677 duk kwaikwayon ghrelin suke, kuma in ka duba waɗanda hukumomi suka amince da su a dangin, za ka ga inda amfanin yake. Anamorelin, Japan ta amince da shi a 2021 don masu ciwon dajin da ya ramar. Capromorelin, tun 2016 ake ba karnukan da suka ƙi cin abinci a Amurka. Pralmorelin, wato GHRP-2, a Japan gwaji ake yi da shi. Macimorelin, da FDA ta amince da shi a Disamban 2017, sau ɗaya ake sha, a ɗebi jini sau huɗu cikin minti 90 a ga ko fituwitari za ta amsa. Buɗe ciki ko gwaji, shi ke nan. Ipamorelin kuwa kamfanin Novo Nordisk na Denmak ya bayyana shi a 1998, amino asid 5, ana yabonsa da cewa ba ya tayar da sauran homon kamar magabatansa. An gwada shi a kan waɗanda hanjinsu ya tsaya bayan tiyata, bai nuna amfanin da ake nema ba, aka ajiye shi. Yana da sunan yanka, ba shi da laƙabin kasuwa, domin babu ƙasar da ta ba shi lasisi.

MK-677 ma ba feftayid ba ne, shi ya sa ake iya haɗiye shi, amma a kasuwar feftayid ake sayar da shi. MK na Merck ne, sunan yankansa ibutamoren. An gwada shi a kan dattawa masu lafiya, don haka sakamakonsa na da muhimmanci a wannan magana. A nazarin da aka wallafa a 2008, mutum 65 masu shekara 60 zuwa 81 aka bi. Homon ya koma matakin samari, nauyin jiki da ba kitse ba ya ƙaru da kilo 1.1, amma ƙarfi bai ƙaru ba, kuzarin aiki bai ƙaru ba, sukarin jini ya ɗan hau. Wani gwajin a kan tsofaffin da suka karye a ƙugu an tsayar da shi tun kafin lokaci saboda alamun gazawar zuciya.

To ta yaya magungunan gwaji da na buɗe ciki suka zama na mayar da tsoho yaro? Mafarin yana a mujallar New England Journal of Medicine ta watan Yulin 1990. Daniel Rudman a Milwaukee ya ɗauki maza 21 masu shekara 61 zuwa 81, ya yi wa 12 allurar homon ɗin girma na wata shida. Nauyin da ba kitse ba ya ƙaru da kashi 8.8 cikin ɗari, kitse ya ragu da kashi 14.4. A cikin bayaninsa ya kwatanta canjin da wanda tsufan shekara 10 zuwa 20 ke kawowa. Wannan jimla guda ta haifi masana'anta, har a 2003 mujallar ta ga dole ta liƙa wa maƙalar gargaɗi. "Nauyin da ba kitse ba" lafazi ne da ya kamata a tsaya a kansa, domin mai talla tsoka yake fassara shi. Ma'aunin kuwa ba ya raba tsoka da ruwa, kuma homon ɗin nan mai riƙe ruwa ne. Da masana a Jami'ar Stanford suka tattara gwaje-gwajen dattawa a 2007, mutum 220 da aka yi wa allurar, sun tarar da ƙarin kusan kilo 2 na wannan nauyi da ragin kusan kilo 2 na kitse, tare da kumburi, ciwon gaɓoɓi, matsewar jijiyar wuyan hannu da fitowar nono ga maza.

Kalmar da ta riƙe kasuwar ita ce somatofos. An ƙera ta a kan menofos, ɗaukewar al'adar mata, wadda a Girkanci ke nufin tsayawar wata. Al'ada tsayawa take yi da gaske. Homon ɗin girma ba ya tsayawa, raguwa yake a hankali, kimanin kashi 14 cikin ɗari a kowace shekara goma ta rayuwar babba. Amma da aka ba raguwar suna mai kama da na cuta, sai kowane ɗan shekara arba'in ya zama majinyaci. Ga shi kuma homon ɗin a guguwa yake fita, mafi girma a farkon barci mai nauyi, tsakanin guguwa da guguwa kusan babu shi a jini, don haka ɗibar jini sau ɗaya da rana ba ta nuna komai. Teɓa ita kanta tana danne shi. Mai ƙiba in ya rame, homon ɗin kan farfaɗo. Sau da yawa abin da aka kira sanadi, sakamako ne.

Doka ma ta taka rawa, kuma ita ma kan suna ta rataya. A Amurka likita na da damar rubuta magani don larurar da ba ita aka amince da shi dominta ba, amma dokar 1990 ta ware homon ɗin girma: rarraba shi don abin da ba a amince ba laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara biyar. Dokar homon ɗin ta ambata, ba masu sa a sake shi ba, sai kasuwa ta koma nan. A watan Maris na 2020 kuma aka fara aiki da wata iyaka: sarƙar da ta wuce amino asid 40 furotin ce a idon FDA, kantunan da ke haɗa magani bisa takardar likita ba su da izinin haɗa ta. Tesamorelin mai 44, wanda ke da shaida mafi ƙarfi, ya fita daga hannunsu. Sermorelin mai 29 ya zauna. A Satumban 2023 hukumar ta sa ipamorelin da CJC-1295 da ibutamoren a jerin waɗanda take da damuwa kan illarsu, a ƙarshen 2024 kwamitin masu ba ta shawara ya ƙi goyon bayan a riƙa haɗa su. Masu sayarwa ta intanet sun kauce wa duk wannan da layi ɗaya a jikin kwalba: don bincike kawai, ba don amfanin ɗan Adam ba. Ma'anarsa babu hukumar da ta duba tsabtar abin da ke ciki ko yawansa, kuma in ya cutar, mai sayarwa ya riga ya wanke hannunsa. A fagen wasanni babu wannan kwana-kwana. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta jera su da sunayensu cikin haramtattu, kuma a 2014 'yan wasan ƙungiyar zari-ruga ta Cronulla a Ostareliya suka karɓi hukuncin dakatarwa kan CJC-1295 da GHRP-6 da aka yi musu a 2011.

Saura "na halitta", kalmar da ta fi kowacce sanyaya zuciyar mai saye. Akwai gaskiya a cikinta, ba zan musa ba. Tunda fituwitarin mutum ce ke fitar da homon, somatostatin na nan yana taka birki, IGF-1 in ya yi yawa yana komawa ya rage umarnin, don haka wuce gona da iri ya fi wuya fiye da in an ɗura homon ɗin kai tsaye. Amma ƙwayar halitta ba ta tambayar IGF-1 daga ina ya zo, kuma aikinsa shi ne sa ƙwayoyin halitta su hayayyafa, shi ya sa aka hana masu ciwon daji tesamorelin. Maganin da ke kwana shida a jini kuma ya yi nisa da umarnin jiki mai ƙarewa cikin mintuna. Tarihin homon ɗin ma ya isa ya sa a yi hattara da kalmar. Daga 1958 zuwa 1985 daga fituwitarin gawarwakin mutane ake ciro shi, babu wanda ya kai shi zama na halitta, kuma ta hanyarsa mutum fiye da 200 a duniya suka kamu da cutar Creutzfeldt-Jakob mai cinye ƙwaƙwalwa. Na ɗakin sarrafawa, somatropin, shi ya kawo ƙarshen wannan bala'i.

Batun hana tsufa kuwa, abin da binciken dabbobi ya nuna ya saɓa wa tallan. A 1996 ayarin Andrzej Bartke a jihar Illinois ya ba da rahoton cewa wasu ƙananan ɓeraye da aka haifa babu homon ɗin girma sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan rabi ko fiye. A kudancin Ekwado akwai mutanen da jikinsu ba ya jin homon ɗin sam, larurar da Zvi Laron ya bayyana a 1966. Likita Jaime Guevara-Aguirre ya bi 99 daga cikinsu sama da shekara ashirin. Rahoton 2011 ya nuna babu mai ciwon sukari ko ɗaya, ciwon daji kuma mutum ɗaya ya yi, bai kashe shi ba. Ba su fi danginsu tsawon kwana ba, haɗurra da wasu cututtuka na ɗaukar su, amma wannan ya isa ya sa a tambaya ko raguwar homon ɗin da shekaru asara ce zalla ko akwai kariya a cikinta.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar jinya, domin akwai manyan da ke da ƙarancin homon ɗin da gaske, kuma hayaniyar kasuwa ta rufe su. Su ne waɗanda ƙari ya danne wa fituwitari, ko aka yi musu tiyata ko gashi a wurin, ko suka bugu a kai a haɗarin mota. Akwai kuma wadda ta fi kusa da mu, larurar da likita Harold Sheehan ya bayyana a 1937. Fituwitarin mai ciki kan ƙara girma. In ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, jinin ya kasa isa gare ta, sai sashenta ya mutu. Mai jego ta ga nono bai kawo ba, al'ada ba ta dawo ba, kasala da jin sanyi sun zame mata jiki, gashin hammata ya kakkaɓe, a yi shekaru ana cewa wahalar haihuwa ce. A ƙasashe masu arziki ta zama da wuya a gan ta, amma inda mata ke haihuwa a gida nesa da asibiti da jinin ƙari, kamar yawancin karkarar Arewacin Najeriya da Nijar, tana nan. Irin wannan baiwar Allah babu abin da sermorelin ko ipamorelin zai yi mata, domin dukkansu umarni ne ga fituwitari mai rai. Abin da take bukata likitan homon ne da zai auna ta, ya fara mata da hydrocortisone, sannan levothyroxine, a wannan jeri, domin in aka fara da na biyun ana iya jefa ta cikin mummunan hali. Somatropin, in da hali, shi ke zuwa a ƙarshe.